Matakala Ɗari da Sittin

Shekara tara ina ƙirga kwantena
a tashar jiragen ruwa ta Balparaiso.
Ja, shuɗi, ja, mai tsatsa.
Ban taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba.
Lambarsu kawai na sani,
kamar mai kiwon garken da ba ya shan nononsa.

Ashirin da takwas ga wata albashi ke faɗowa,
ko teku ta yi fushi, ko ƙasa ta girgiza.
Da shi na sauya kwanon ɗakin uwata,
da shi ake sayo maganin hawan jininta,
da shi na daina lissafin burodi a kan yatsu.

To, me ya kai ni?
Wata Talata, Eliseyo, ɗan mai sharar ofishinmu,
ya raɓe a gefen teburina yana kokawa da lissafi:
ashirin da takwas a raba gida huɗu.
Ya tauna gindin fensir har ya yi laushi.
Na zazzage masa kwalin ashana,
na ce, ga jirage huɗu, loda musu kaya daidai wa daida.
Ya loda. Ya ƙirga. Ya ɗago kai.
Abin da na gani a idon yaron nan,
shekara tara ban ga an sauke irinsa daga jirgi ba.

Yanzu takarda biyu ke cikin jakata.
Ɗaya daga Don Heriberto:
ƙarin girma, kujera mai juyawa, taga mai kallon ruwa.
Ɗaya daga makarantar kan tudun Ramaditas:
yara talatin da bakwai, kwantiragin shekara guda,
bayan nan sai abin da hali ya yi.
Kuɗin ko rabi da kwata bai kai ba.

Uwata na kankare ɓawon kifi na faɗa mata.
Ta ce, "Rosalba, ba a sakin reshe a kama ganye.
Ubanki ya tsufa a bakin tashar nan
yana jiran a kira sunansa kowace safiya.
Ke an ba ki kujera."
Na yi shiru. Wuƙa ta ci gaba da aikinta,
can sai ta tsaya.
"Ni aji biyu na yi.
Malamar sunanta Edelmira, hannunta na ƙanshin lemo.
Har yau in zan sa hannu a banki
ji nake ta riƙe min yatsu."
Ta watsa wa kyanwa kan kifin.
"Ban dai ce ki je ba."

Dare uku ina tarawa ina ɗebewa.
Haya, magani, gas, takalmin hunturu.
Ni da na koya wa yaro rabawa,
ga nawa lissafin ya ƙi rabuwa,
kullum da saura,
kuma sauran nan tsoro ne.

Ran Lahadi na hau tudun.
Matakala ɗari da sittin, na ƙirga, hali zanen dutse.
Makarantar a kulle, wani kare na barci a ƙofa.
Na manna goshi a gilashin taga:
kujeru ƙanana, ɗaya ba ƙafa,
a kan allo wani ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu
aka tashi ba a gyara ba.
Yatsuna suka hau ƙaiƙayi.

Da na juyo, ga tashar can ƙasa,
kwantenonina duka, ja da shuɗi,
ba su fi kwalin ashana ba.

Ban sa hannu a ko ɗaya ba tukuna.
Gobe Litinin, Don Heriberto na jiran amsa kafin goma.
Amma a hanyar gida na tsaya kantin Zulema
don sayen sabulu,
na fito da sabulun, da alli kwali guda.
Uwata ta gani a kan tebur.
Ta matsar da shi gefe, kada miya ta taɓa shi.